Zare kan giyar ogzilari, kukan ƙarƙashin jif, da ɗabi'ar nan ta "a cire furofelar gaba kawai" 🧵

1/ Jama'a ina da magana da masu jif, da 'ya'yan masu jif irina da ake bari da makulli. Ra'ayina ne, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Sau da yawa idan aka ce maka "giyabos ya mutu", giyabos lafiyarsa ƙalau. Mu ne ba mu san motar da muke tuƙawa ba. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ni ɗalibin injiniyan kanikanci ne, ina aji huɗu. Amma gaskiya ba a aji na koyi yawancin abin da zan faɗa ba. A ƙarƙashin mota na koya, lokacin SIWES, a wani gareji da ogan wurin bai gama firamare ba, amma kunnensa ya fi duk wata na'urar da muke da ita a dakin gwaji.

3/ Ga abin da ya tunzura ni. Watan Agustan da ya wuce muka je ƙauye biki da tsohuwar jif ɗin Baba, ƙirar 2003. Yayana ne ke tuƙi. Ruwa ya sauka, hanyar burji ta zama kunu. Yaya ya ja ƙaramar libar nan ta gefen giya zuwa 4H, mota ta fita daga taɓo tsaf. Har tafi muka yi masa.

4/ Da muka hau kwalta ya manta bai mayar ba. Ni ma ina baya ina danna waya, ban lura ba, don haka ba na cire kaina daga laifi. Muka yi tafiyar fiye da awa ɗaya a haka. Muna shiga shataletalen farko na cikin gari sai sitiyari ya yi nauyi, mota ta fara tsalle kamar akuyar da aka ɗaure ƙafa, ƙarƙashi yana gum, gum, gum.

5/ Yaya ya tuna da libar, ya tura ta, ta ƙi motsi. Ya sa hannu biyu, ko gezau. Muka lallaɓa zuwa wani gareji a bakin titi. Bakaniken ko ƙarƙashi bai leƙa ba, ya ce wa Baba: "Alhaji, giyabos ya tafi. Ko dai a nemo na Beljiyam, ko in cire maka furofelar gaba yanzu-yanzu ka huta."

6/ Kuɗin da ya kira na Beljiyam ɗin ya fi kuɗin makarantata na shekara. Baba har ya fara cewa to a cire ɗin. Na ce Baba a ba ni minti biyu. Na kira ogana. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce: "Injiniya, ku miƙar da sitiyari, ku sa ribas, ku koma baya a hankali kamar tsawon mota uku, hannunka a kan libar."

7/ Ko tsawon mota biyu ba mu yi ba libar ta faɗa 2H da kanta, da ɗan yatsa. Tsalle ya tafi. Gum-gum ya tafi. Bakaniken ya ce "toh, Allah ya taimake ku." Ba a kwance ko noti ɗaya ba.

8/ To me ya faru? Nan ne nake so a tsaya a fahimta, don duk sauran maganar a kansa take. Ka je filin ƙwallo mai yashi ka yi kwana da kowace mota, ka sauko ka duba sawu. Za ka ga sawun tayoyin gaba yana waje, na baya yana ciki. Wato a kwana, gaba ya fi baya yin tafiya.

9/ A mota irin ta Baba, idan ka sa 4H, akwatin ogzilari yana kulle furofelar gaba da ta baya su juya da gudu ɗaya, babu ragi babu ƙari. A taɓo ko yashi ba matsala, taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta taya ta kama ƙasa, babu inda bambancin zai je. Sai ƙarafan su fara murɗewa kamar ana matse wanki.

10/ Wannan murɗewar ce take sa sitiyari nauyi. Tsallen da gum-gum ɗin kuwa taya ce take ƙwacewa da ƙarfi idan matsin ya yi yawa. Libar ta ƙi fita ne saboda haƙoran ciki suna cije da juna. Da ka koma baya, wankin ya warware, haƙora suka saki. Shi kenan sirrin. Da sauka gefen titi kan yashi ma yakan yi.

11/ Yanzu ku lura da wani abu. Da mun bar mutumin nan ya cire furofelar, da ƙarar ta ɗauke nan take. Dole ta ɗauke mana, ya raba masu faɗan. Baba zai biya shi, ya yi masa godiya, ya riƙa ba abokansa labarin wani ƙwararren yaro. Haka wannan ɗabi'ar take yaɗuwa, don a ido tana aiki.

12/ Amma me ka rage da shi? Jif mai nauyin ogzilari, mai shan man ogzilari, wadda aka saya da kuɗin ogzilari, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja. Damina mai zuwa ka shiga taɓon nan ka ja liba, fitilar 4WD ta kama a dashbod tana maka murmushi, mota na nan zaune.

13/ Kafin wani ya ce "ai Prado ɗina kullum a fowil take kuma ba ta tsalle". Eh, gaskiyarka. Ba duk 4WD ne iri ɗaya ba, kuma rashin sanin wannan shi ne rabin rigimar da ake yi a majalisa.

14/ Akwai na wucin gadi, wanda kai ne kake sawa ka cire: 2H, 4H, 4L. Hilux haka take. Xterra haka take. Fortuner ta 2015 zuwa sama haka take. Waɗannan 4H ɗinsu na ƙasa mai santsi ne kawai: taɓo, yashi, burji mai tsakuwa. Kwalta busasshiya, 2H.

15/ Akwai na dindindin, irin Prado 120 da 150 da Land Cruiser 100 da 200. Su suna da difarenshal na uku a tsakiya, wanda yake barin gaba da baya su bambanta a gudu. Shi ya sa suke tafiya a kwalta da ƙafa huɗu ba rigima. Amma suna da makullin tsakiyar. Ka kulle shi ka manta ka hau kwalta, ka koma layinmu, tsallen nan zai same ka.

16/ Pajero kuma ta haɗa biyun da abin da Mitsubishi ke kira Super Select: 2H, 4H, 4HLc, 4LLc. A nan 4H ɗin halal ne a kwalta. Masu Lc ɗin ne kulle. Ka ga harafi ɗaya, 4H, a Hilux wata ma'ana, a Pajero wata. Shi ya sa shawarar abokinka mai wata mota za ta iya kashe maka taka.

17/ Sai su Highlander, RAV4, CR-V, RX 350 masu AWD. Ba su da giyar ƙarfi ta 4L kwata-kwata, motar ce ke raba ƙarfin da kanta. Suna da amfani a ruwan sama da ɗan yashi. Amma don Allah a daina bin Hilux cikin fadama da su. Wasu ma da muke gani a titi tayoyin gaba kaɗai ke ja tun daga kamfani, surar ce kawai ta jif.

18/ Maganar 4L. Ba "fowil mai ƙarfi" ba ce da za ka sa don ka ji daɗi. Giya ce da ke rage gudu ta ninka ƙarfin juyi, a Toyota da yawa kusan ninki biyu da rabi. Ta hawan tudu mai duwatsu ce, ko saukowa, ko jawo wata mota, ko fita daga inda ka kafe. Tafiyar kunkuru ake yi da ita.

19/ Kuma ba a sa ta mota na tafiya. Ka tsaya cak, otomatik ka sa N, manuwal ka take kuloci, sannan ka ja. Ƙarrrr ɗin da kake ji idan ka tilasta ta, haƙoran ƙarfe ne suke cin juna. Tsakanin 2H da 4H kuwa motoci da yawa suna yarda kana tafiya, amma da iyakar gudu, tana rubuce a littafin motar, wani lokacin har a bayan abin kare rana na direba.

20/ Wani abin da ba a faɗa: libar ogzilarin tana da N nata daban. Idan ta tsaya a nan, P na giyar otomatik ba ya riƙe mota. Ka faka a gangare ka fita ba hambirki, za ka juyo ka ga mota ta kama hanya. Masu yara da ke wasa a mota, ku kula da wannan.

21/ Kuma fowil ba ya ƙara birki. Ko kaɗan. Kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki, har Golf. Jif ma ta fi nauyi, ta fi tsayi, ta fi saurin kifewa. Samarin da ke zuba wuta a titin Zariya cikin ruwan sama suna cewa "ai fowil ce", ban san me suke tunani ba.

22/ Toh, mu koma motar Baba, don labarin bai ƙare ba. Ni abin ya tsaya min a rai: yawancin hanyar miƙaƙƙiya ce, me ya sa ta murɗe haka da yawa? Washegari na durƙusa na karanta jikin tayoyin. Na baya 265/70R16. Na gaba 245/70R16. An canja biyu a wurin mai taya, ya ce ai duk rim 16 ne.

23/ Ku yi lissafin da ni. Tsayin ta farko milimita 777 ne, ta biyu 749. A kowace kilomita ta baya tana juyi kusan 410, ta gaba kusan 425. Bambancin juyi 15 a kilomita ɗaya, a miƙe, ba kwana. Kuma ogzilari ya kulle su ya ce dole su yi daidai. Awa guda muna azabtar da motar nan muna hira.

24/ A 2H wannan bambancin ba ya damun motarmu sosai, shi ya sa aka yi watanni ba a sani ba. Amma a mota mai fowil na dindindin ko AWD, kullum na'urar tsakiya tana aikin cike giɓin, tana zafi, tana cinyewa. Tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, cinyewarsu kusa da juna, iska daidai. Taya ɗaya sabuwa fil da uku sulɓaɓɓu ma bambanci ne.

25/ Yanzu ɓangaren ƙara, wanda shi ne ya fi min daɗi. Ogana yana cewa mota ba ta ƙarya, mai mota ne ba ya saurare. Kuma gaskiya ne, mutum zai zo ya ce "tana wata ƙara haka". Wace iri? "Ƙara dai." Yaushe? "Wani lokaci." Toh da me bakanike zai yi aiki? Dole ya yi canke, kuma da aljihunka zai yi canken.

26/ Tambayar farko: ƙarar tana bin inji ne ko tana bin gudun mota? Ka tsaya wuri ɗaya, giya a firi, ka taka totur. Idan ta fito, matsalar tana wajen inji, bel, ko salansa. Idan sai mota na tafiya take fitowa, kuma tana ƙaruwa da maleji ko wace giya kake, to ka koma kan taya, boris, furofela, aksil. Da wannan kaɗai ka raba motar biyu.

27/ Kashe rediyo, kashe AC, sauke gilas. Ka samu wani ya zauna a baya, don ƙarar ƙarfe tana yawo a jikin mota, direba zai rantse gaba ce alhali baya ce. Tuƙi kusa da doguwar katanga ma yana taimakawa, tana dawo maka da sautin.

28/ Wuuuu mai ƙaruwa da gudu, kamar jirgi na nesa, ko ka taka totur ko ka saki duk ɗaya: ka zargi boris ɗin taya. A titin da ba kowa, ka ɗan karkata hagu, ka ɗan karkata dama, a hankali. Karkata hagu na ɗora nauyi a dama. Idan a lokacin ta ƙaru, galibi boris ɗin dama ne. Galibi na ce, sai an ɗaga an juya da hannu a tabbatar.

29/ Amma kafin ka sayi boris, shafa tayar da tafin hannu. Idan ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, ita ce mai kukan. Tayoyin nan masu manyan haƙora na daji ma haka suke, kukansu halitta ne. Alamar taya: sautin yana canjawa idan ka tashi daga tsohuwar kwalta ka hau sabuwa. Boris bai damu da irin titi ba.

30/ Kukan da ke zuwa idan ka taka totur, ya ɗauke idan ka saki, ko akasin haka: wannan ba taya ba ce. Taya ba ta san ƙafarka ba. Ka duba difarenshal, tukunyar nan da ke tsakiyar aksil. Haƙoranta suna cizo ta gefe ɗaya in kana ja, ta ɗaya gefen in ka saki, shi ya sa kukan ke bin ƙafa.

31/ Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali da ɗan totur: kan shaf ne na wajen taya. Leƙa bayan tayar, kusan kullum za ka ga robar ta yage, giris ya fantsama ko'ina. Roba ce ta fara mutuwa, ƙura da ruwa suka shiga, suka mayar da giris ɗin garin niƙa.

32/ Wannan yana ba ni takaici wallahi. Robar ba ta da tsada. Da an ganta makon da ta yage, a wanke, a zuba giris, a sa sabuwa, an gama. Sai an bari ya fara ƙas-ƙas, lokacin kuwa canjin roba ba ya dawo da ƙarfen da ya cinye. Duk sanda aka ɗaga motarka don juyen baƙin mai, ka sunkuya ka kalli robobin nan. Kyauta ne.

33/ Kada a haɗa ƙas-ƙas ɗin nan da tsallen da muka yi. Duk a kwana suke fitowa, shi ya sa ake rikita su. Na kan shaf sauti ne siriri mai jeri, sitiyari bai yi nauyi ba. Na murɗewa mota gabaɗaya ke turjewa kamar an taka mata birki, kuma da ka fita daga 4H ya ɓace.

34/ Gum guda ɗaya idan ka tashi daga D zuwa R, ko ka taka totur farat ɗaya: lago ne a wani wuri. Wanda aka fi kamawa kuros ɗin furofela. Wani lokacin yana haɗawa da ƙiiƙii-ƙiiƙii a ƙaramin gudu, kamar tsuntsu, da karkarwa a ƙarƙashin kujera in gudu ya yi sama. Robar da giyabos ke zaune a kai in ta tsage ita ma tana gum ɗin.

35/ Gwajinsa ba wuya. Mota a kan rami ko fili mai daidai, inji a kashe, a sa duwatsu a tayoyi, giya a firi. Ka kama furofelar kusa da kuros ka murɗa, ka jijjiga sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya motsi a cikin gidansa. In ka ga jan gari kamar tsatsa yana fitowa daga kofunan, ya bushe ya gama.

36/ Abin da muka samu a tamu ke nan. Kuros ɗaya na furofelar gaba ya yi lago. Ko tafiyar ranar ce ta ƙarasa shi ko dama yana hanya, duka biyun na iya yiwuwa, don nonon giris ɗinsa ya toshe da busasshen taɓo, alamar an daɗe ba a kula shi ba. Na je Ƙofar Ruwa na sayo, aka buga. Giyabos ɗin da aka yi wa ta'aziyya har yau yana aiki.

37/ Kada a bar kuros mai lago ana cewa sai wata ya yi. In ya tsinke a kan gudu, furofela sandar ƙarfe ce mai juyi, tana iya dukan ƙarƙashin mota, ta fasa abin da ta samu, ko ta caki ƙasa. Cikin duk ƙararrakin nan, shi da boris ɗin taya su ne ba na wasa da su.

38/ Ƙarar da ba ta fitowa sai a 4H ko 4L ta riga ta nuna maka unguwarsu: akwatin ogzilari, furofelar gaba, difarenshal na gaba, ko hob. Da yawan akwatunan nan sarƙa ce a ciki take kai ƙarfi gaba. In ta saki, za ka ji tas! tas! lokacin da mota ke jan nauyi, sarƙar ce ke tsallake haƙori.

39/ Tsofaffin motoci masu hob mai kulle kansa, in bai gama shiga ba ko bai gama fita ba, yana ƙarrrr daga tsakiyar tayar gaba. Irin waɗannan bayan ka koma 2H sai ka ɗan yi baya kaɗan kafin su saki. Masu hob na hannu kuma, mai LOCK da FREE, a juya duka biyun. Na ga wanda ya kulle ɗaya ya bar ɗaya yana zagin mota a cikin yashi.

40/ Wani lokacin kuma ba komai ba ne. Tsakuwa ta maƙale tsakanin faifan birki da kwanon bayansa, tana ƙara kamar duniya za ta tashi. Ko kwanon da ke kare zafin salansa ya saki. A garejinmu an taɓa kawo mota da janwe saboda tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. 😂

41/ Mai. Kowa ya san baƙin mai, wasu sun san man giya. Tambayi mai jif yaushe aka duba man difarenshal na gaba, na baya, da na akwatin ogzilari, sai ya kalle ka kamar ka yi Faransanci. Wuri uku ne daban, kowanne da mansa. Akwai motocin da tun daga jirgin ruwa ba a taɓa buɗe su ba.

42/ Musamman bayan damina. Difarenshal yana da ɗan hancin shaƙar iska a sama. Ka shiga ruwa da shi da zafi, ya huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa. In ka buɗe ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne, a juye shi ranar. A notin juyewa akwai maganaɗisu: laushin baƙin gari ba komai, ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji a yatsa labari ne mara daɗi.

43/ Dabarar ogana: kullum a fara kwance notin zubawa kafin na juyewa. In ka juye mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka zauna. Kuma kada a ce "man giya duk ɗaya ne". Difarenshal galibi GL-5 yake so, irin 75W-90 ko 80W-90. Akwatin ogzilari kuwa wani man giya yake sha, wani man otomatik. A duba littafi.

44/ Akwai kuma masu tsoron libar, shekara uku ba su taɓa ta ba wai kar ta lalace. Zaman ne ke lalata ta. Littafin Toyota na motoci irin su 4Runner cewa ya yi a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a fowil duk wata don mai ya zagaya kayan gaba. Masu maɓallin lantarki ma ƙaramar motar da ke tura giyar tana cijewa in ta daɗe a zaune. A nemi hanyar burji a motsa ta.

45/ Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce: malam, kayan gyara sun yi tsada, mutumin nan daga gida sai kasuwa sai masallaci, bai taɓa barin kwalta ba. In an cire furofela ya samu sauƙi, ina laifi? A mota irin ta Baba, in mai ita ya sani, ya yarda, an ajiye masa furofelar a but, ban ce haramun ba ne. Motarsa ce.

46/ Matsalata biyu ce. Ta farko, ana yi ba tare da an gano ciwon ba. An kashe ƙararrawa ne, ba a san me ya kunna ta ba. In taya ce ba daidai ba, tana nan. In mai ne babu a akwatin, har yanzu babu, kuma akwatin yana ci gaba da juyi.

47/ Ta biyu, a mota mai fowil na dindindin abin ya wuce asarar fowil. Difarenshal na tsakiya zai tura ƙarfi inda ba nauyi, wato inda aka cire, sai an kulle shi kullum mota za ta tafi. In ba a kulle ba P ma ba zai riƙe ta ba. Masu na'urar tsakiya mai ruwa mai kauri kuwa, ita za ta ɗauki dukan aikin har ta ƙone. An tura kashe kuɗin gaba ne, ya ƙara girma.

48/ Sannan a sayar wa wani bawan Allah a matsayin "fowil, komai na aiki". Mai sayen jif ta hannu: kwanta ka leƙa. Ka ƙirga furofela, biyu ne ko ɗaya? Ka ga shaf yana shiga tayoyin gaba? Fitilar dashbod ba shaida ba ce. A kai ta kan yashi a sa 4H da 4L a gabanka. Dillalin da ya ce ba lokaci, ka san dalili.

49/ Kuma mu ma masu mota mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba ma biyan kuɗin bincike. Bakanike ya yi awa biyu yana tuƙi yana saurare, ya gano tsakuwa ce, sai mu ce "ai ba ka yi komai ba", mu miƙa masa kuɗin ruwa. Wanda ya sauke giyabos ya baza shi a ƙasa shi muke gani ya yi aiki. Mu muka koya musu cewa kwancewa ce ke kawo kuɗi.

50/ Ranar da muka canja kuros ɗin, Baba ya tambayi ogana nawa ne. Oga ya faɗi kuɗin aiki. Na ce Baba a ƙara masa na wayar nan da ya amsa ranar Lahadi, don ita ce ta hana mu sayen giyabos. Baba ya harare ni ya ce kai da kuɗin wa kake kyauta, amma ya ƙara.

51/ Wani ya tambaya a DM me zai rubuta kafin ya je gareji. Ga abin da nake yi a waya: irin sautin da bakina, a wane gudu, a miƙe ko a kwana, ina taka totur ko na saki, a 2H ko 4H, da sanyin safiya ko bayan mota ta yi zafi, da abin da aka taɓa a motar kwanan nan. Na ƙarshen nan yana kama ɓarawo sosai. In da hali ka ɗauki sautin.

52/ Gargaɗi ɗaya, don na san wasu za su tafi gwaji: kada ka ɗaga taya ɗaya da jak ka tayar da mota ka sa giya wai kana neman ƙara. A fowil sauran tayoyin da ke ƙasa za su ja, mota ta sauko daga jak ɗin. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Rami ko ƙafafun ƙarfe.

53/ Tayoyin gaban dai har yanzu 245 ɗin ne, Baba ya ce sai bayan girbi. Don haka na yanki farin salatif na manna a jikin libar na rubuta "BANDA KWALTA". Yaya ya ce na mayar da motar kamar ta koyon tuƙi. Bai cire ba dai.